Filashin ɗin Inna Kulu

Har gobe ba zan manta da ranar da Inna Kulu ta tare ni a gindin ƙarfen sabis ba, riƙe da wayarta kamar za ta kwaɗa min ita. Ku da kuka zo aikin nan daga baya, akwatin da kuke haɗawa yanzu daga ranar ya samo asali.

Lokacin ina ƙaramin injiniya a sashen ƙira, ɗakin gwajinmu yana Talata Mafara. Akwatin rediyo muke ƙerawa, wanda ake ɗaurawa a saman ƙarfe ya haɗa wayoyin mutane da layi. Burinmu ya yi aiki da sola da batir kaɗai, ba janareto. A cikinsa babu mai cin wuta kamar amfilifaya, wato ɓangaren da ke ƙara wa sigina ƙarfi. Sai muka yi masa dabara: in babu kira ya yi barci, kira na shigowa ya farka, ya ɗan jira ko wani zai biyo baya, sannan ya koma.

Aka kafa na gwaji a wani ƙauye gaba da Birnin Tudu, daf da marka. Shugabar sashenmu, Injiniya Hadiza, ba ta ɓoye min ba: in batir ya kasa ɗaukar kwanakin da rana ba ta fitowa, kamfani zai kwance akwatin, mutanen ƙauyen su koma hawa bishiya neman sabis.

Tun kafin markar ta kankama akwatin ya fara kasawa. Da safe, daidai lokacin fita gona, sai ya ɗauke. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kiran da ake amsawa kaɗan ne, amma amfilifaya ba ya runtsawa. Na hau mashin na tafi ƙauyen raina a ɓace.

Nan tsohuwar ta same ni. Duk da fushinta sai da muka gaisa tsaf, ta tambayi gida da aiki da ruwa, sannan ta sauke min.

"Kai ɗan nan, mi kunka yi ma ƙarhen ga? Ɗana Garba ya tahi gona tun da asuba, ban ga hilashin nai ba."

Na ce, "Inna, in sabis ya dawo ki kira shi mana."

"In kira shi in ce mi? In ya isa shi yi min guda, in mayar mai guda. Da azahar haka, in za ya taso haka. Ga yadda dajin ga ya koma, in ban gani ba ko hura ba ta wuce min."

Sai dariya ta ƙwace min, har ta harare ni. Ni kaina haka nake yi wa mahaifiyata duk sanda na isa Maradun. Ashe ƙauyen gaba ɗaya da filashin yake magana. Kowane ɗaya sai ya tashi amfilifaya, ya zauna yana ƙona wuta yana jiran hirar da ba za a yi ba. Tsarin barcin a kan wayar mutanen birni aka auna shi.

Na kira Injiniya Hadiza na faɗa mata. Ta ce wasu a ofis na ganin a taƙaita filashin kawai a huta. Nan na hasala.

"Ranki ya daɗe, in za a hana filashin gara a kwance akwatin. Don shi suke son sa."

Ta ce, "To kawo mafita, Bashar, ba faɗa ba."

Mafitar ba ta da nisa. Ƙarar waya ba ta buƙatar ƙarfi mai yawa. Muka dasa ƙaramin amfilifaya kusa da babban, shi ke kai ƙarar. Babban ba ya farkawa sai an ɗaga waya ko an buɗe data. Na ƙone yatsa wurin haɗawa, ga tabon nan.

Muka mayar da akwatin, marka ta kankama. Rana ta ɓuya kwana da kwanaki, ni kuma ina Mafara na zuba wa kwamfuta ido, batir na sauka a hankali. Wata safiya, sama a rufe ruf, wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Lambar Inna Kulu, dama mun yi musayar lamba ranar da na je. Wallahi ban san sanda na yi tsalle ba, har na ture kujera.

Injiniya Hadiza tana dariya ta ce, "Kira ta mana, mu ji."

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe, ba haka ake yi ba." Na mayar mata guda.

Shi ya sa nake hana ku fara zane kafin ku je ku ga yadda mutanen wurin ke riƙe waya. Wutar da za a tara, a tara ta inda ba za ta taɓa abin da suka dogara da shi ba. Akwatin yana nan a ƙauyen, kuma har yau in Garba ya isa gona lafiya, ni ma sai na samu nawa guda.