Littafin Baffa Isa da Kurciyar Iya

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero na shirin fitar da kai, ina 'yar shekara tara. A ƙauyenmu, gabas da Ɗambatta, gona manne take da gona, amma abin da gidanmu ya girbe bai kai rabin rumbu ba. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da rana. Da an idar da magariba sai kakarmu, Iya Dudu, ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ƙanwata Hanne, 'yar shekara uku, tana kan cinyarta. Aikin Iya a lokacin guda ne: Hanne ta yi barci kafin ta tuna ba a yi tuwon dare ba.

Tatsuniya ɗaya ta riƙe mana a shekarar, ta wata kurciya da ta tashi neman gidan ruwan sama. Ta sauka wannan gari, a gaisa, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a ce mata ai gaba ne. Ta sake tashi, ta sauka wani garin, a sake gaisawa. Kafin gari na biyar Hanne ta langaɓe. Mu manya kuwa mun ƙosa, har muna tsokanarta wai tsohuwa ta rikice, tatsuniyoyinta sun zube a hanyar rijiya. Sai ta ce, "Ja'irai, in ba ku so ku tashi ku ba ni wuri."

Ana haka Baffa Isa, autanta, ya zo hutu daga kwalejin horon malamai da wani littafin Turanci mai kauri. Wani abokin karatunsa Kirista ne ya ara masa. Ya ce zai riƙa karantawa yana juya mana da Hausa. Nan take muka watsar da kurciya muka koma gefensa.

Labarin na zamanin dā ne, a ƙasar Turawa, lokacin dawaki da takubba. 'Yar wani limamin coci ce take son wani sojan doki, sai kofin azurfa na cocin ya ɓace, aka ce shi ya sace. Ita kuma kullum tana bakin taga, tana kuka, tana addu'ar Allah ya bayyana gaskiya. Kwana biyu Iya tana saurare, taɓe baki kawai take.

A rana ta uku aka zo wurin walima. Baffa, da yake yana son a san ya iya Turanci, bai tsallake ko loma ɗaya ba: gasasshen rago, kaji, burodi mai zafi da man shanu, zuma, madara. Wai duk an jere gaban yarinyar, amma ta ture akushin saboda so ya hana ta ci. Hanne ta ɗago kai ta ce, "Iya, a ba ni nata." Daga nan ta ɓarke da kuka, irin kukan da ba ya jin lallashi. Na hango mahaifiyarmu ta shige ɗaki ta saki labule.

Iya ta ja wani dogon tsaki.

"Auta, rufe shirmen nan. Addu'ar yarinya ba ni da ja da ita, kowa da inda yake kai kukansa. Amma wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma bai taɓa so ba. An ture rago saboda saurayi? Tir! Ni da na so kakan yaran nan, sai da na ƙara loma."

"Iya, ai ba ki ji wanda ya saci kofin ba."

"Wa ke riƙe da mabuɗi?"

"Wani dattijo mai sharar cocin."

"To buɗe ƙarshen ka gani."

Ya buɗe, ya matsa kusa da wuta, ya duba yana sosa ƙeya. Shi ne kuwa. Iya ta ce, "Takarda ta yi damin kara, a kan abin da makauniya za ta gano tana daka. Gobe ka kai shi zaure, ka karanta wa masu ƙoshi." Ta saɓa Hanne a kafaɗa ta ɗauko kurciya daga farko. A ranar sai da kurciya ta ci gari goma sha biyu.

Bayan na zama malamar makaranta na tsinci littafin a akwatin Baffa, bai taɓa mayarwa ba. Na karanta shi tas, wai ko mun zalunci littafin. Ina! Ya ma fi yadda na tuna ban haushi. Yarinya ba ta tsinana komai sai suma da leƙen taga, sojan ba ya magana sai ya dafe ƙirji, kuma ba a buɗe shafi goma ba a ci abinci ba. A nan ne wani abu ya faɗo mini. Iya da tatsuniyoyinta suka saba cika da tuwo da romo, duk garin da kurciyar nan ta sauka, ba a taɓa ba ta ko ƙwayar gero ba. Baƙuwa guda, a ƙasar Hausa, sai dai gaisuwa! Da gangan ta cire, mu kuma muna mata dariya.

Na same ta, lokacin ta tsufa tukuf, na ce, "Iya, wai kurciyar nan ta iske gidan ruwan kuwa? Ban taɓa jin ƙarshen ba."

Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke ma ashe bokon bai amfane ki ba. Wane ƙarshe? In Hanne ta yi barci, ai ta isa."