Ranar da Fom Ya Ƙi Hoton Mutumin Karaye

Ƙarfe uku da minti goma na rana, mu uku ne a shagona da ke Jega: ni, da sakataren wata ƙungiyar manoman albasa da ya zo daga Aliero, da wani dattijon manomi daga Karaye. Ƙarfe huɗu daidai za a rufe rajistar injinan ban-ruwa na rani. Dokar ƙungiya ce: wanda hotonsa bai shiga ba, sunansa bai shiga ba.

Ni na gina shafin rajistar. A wancan lokacin intanet bai daɗe da isowa garinmu ba, ni kuma karatuna bai wuce sakandare da kwas ɗin kwamfuta na wata shida ba. Amma ina da tsari, kuma na yarda da tsarina.

Na cike wa dattijon fom, na ɗora hotonsa, na danna. Shafin ya yi fari, ya fito da jan rubutu. Na sake, haka.

"Malam, mi ya hwaru?" in ji shi.

"Zauna, Baba. Ina dubawa."

Na bi abin daki-daki kamar yadda na saba. Da farko na duba sabis, na buɗe wani shafi, ya buɗe lafiya. Na biyu, nauyin hoton: na rage shi, na ɗora, ya ƙi. Na uku, na ɗora hotona da sunana don gwaji, ya shige kamar an zuba ruwa a rairayi. Na ɗaga kai. Agogon bango ya nuna uku da rabi.

Sai na buɗe wurin da manhajar take rubuta kurakuranta, wurin da rabona da shi tun ranar da na gama ginin. Layin ƙarshe ya ce akwai fayil mai wannan sunan tuntuni.

Sakatare ya leƙo ta kafaɗata. Da na fassara masa, ya juya.

"Baba, kai dai ka yi rajista sau biyu. Inji biyu kaka so, kai kaɗai?"

Dattijon ya miƙe, hularsa a hannu.

"Ni? Da wanga gemen? Yau ta hwarko da na taka shagon ga. Tun hantsi nike bisa hanya, babur ya mutu muna Maiyama."

"Kwamfuta ba ta ƙarya," in ji sakatare.

"To ita ta san ni, ko kai ka san ni?"

Na ce su yi mini shiru. Na shiga foldar hotuna, na nemo fayil ɗin, na buɗe. Fuskar wani ce, mai tsage a kumatu. Dattijon ya matso, ya ƙura ido.

"Af! Wanga ai ɗan ƙanen babana na. Sunan kakanmu anka sa muna, mu biyu."

Na ce, "Sunan mahaifi fa?"

"Mu garinmu muka sawa. Karaye."

"Ranar haihuwa?"

"Wa ya rubuta? Magatakarda ya ba mu ɗaya ga watan ɗaya, shekara guda, rana guda munka yi takardar shekaru."

Laifin ya fito fili, kuma nawa ne. Na tsara kowane hoto ya ɗauki sunan mai shi haɗe da ranar haihuwarsa, ina ganin mutum biyu ba za su taɓa haɗa duka ba. Na kwafi wannan dabara daga littafin Turawa, na manta inda nake zaune.

Saura minti goma sha biyu. Na buɗe rubutun shirin, na sa kowane hoto ya riƙa ɗaukar lambar rajista maimakon suna. Na adana, na ɗora. Ya ƙi: na bar wata alamar baka a buɗe cikin rubutun. Na rufe ta, na sake dannawa. Layin da ke nuna tafiyar hoton ya yi ta rarrafe. Huɗu saura minti huɗu, koren rubutu ya fito.

Sakatare ya ce, "Yi haƙuri, Baba." Dattijon ya sa hularsa bai dube shi ba, ya yi mini godiya, ya fita.

Bayan la'asar na koma na karanta kurakuran daga sama. Kafin na dattijon, irin wannan layin ya fito sau uku a makon. Biyu na gane su, na kai maganarsu ga ƙungiya aka saka su. Na ukun mutumin Alelu ne, dogo, mai ɗingishi da ƙafar hagu. Ya zo ranar kasuwa, fom ya ƙi shi, na ce masa sabis ne, ya dawo gobe. Bai dawo ba. Na aika Alelu, aka ce ya tafi cirani.

Mai karatu, idan ka san wannan mutum, ko ɗiyansa, ka gaya masa ba sabis ba ne. Ni ne. Ka ce ya zo shagon, ina nan inda ya bar ni.