Anti Assibi, Direbar Bas da Ta Je Karɓo 'Yarta

Ƙarfe biyar da rabi na safe Anti Assibi take isa garejin motocin makaranta, fulas ɗin shayi a hammata, tsumma a aljihu. Kafin ta tayar da bas sai ta zagaya ta sau biyu tana bubbuga tayoyi kamar mai zaɓen kankana. Sannan ta hau ta goge dogon madubin da ke saman kan direba, wanda yake nuna mata kujerun yara har na can baya. Shekara ashirin da uku tana wannan, daga East Greensboro zuwa gidajen McLeansville masu nisa da juna. A watan jiya ta ajiye makulli.

Kada wani ya ɗauka mai sanyin hali ce. Anti akwai faɗa, kuma ba ta jiran wanda ya makara. Amma Hajiya Fassouma, ɗaya daga cikin iyayen yaran, ta shaida cewa da sanyi ya shigo, akwai kwalin safar hannu ƙarƙashin kujerar Anti, yaro ya ɗauka ba tambaya ba godiya. Malam Yahya kuma ya ce ita ta fara gaya masa ɗansa ba ya gani sosai, don ta lura kullum sai bas ta tsaya a gabansa yake gane ta.

Labarin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne na Jemimah, kuma da yardarta da ta iyayenta ake ba da shi. Lokacin da aka haife ta, uwarta Celina ba ta da kowa a ƙasar nan. Anti Assibi, da suke coci ɗaya, ita ta tare a ɗan gidansu na haya a Glenwood ta yi mata wankan jego, tana dafa ruwa a tukwanen tuwo tana juyewa a baho. Ranar suna, uban jaririya Harrison ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da kowane uba yake faɗa: "Anti, 'yarki ce. Duk ranar da kika ga dama ki zo ki ɗauka." Aka yi dariya, aka ci shinkafa, aka watse.

Da Jemimah ta kai shekara goma sha biyar, ta gaya wa uwarta cewa zuciyarta ba ta karkata ga maza, ga mata take karkata. Hankalin Harrison ya tashi. Ba mugun uba ba ne, tsoro ne ya kama shi. Wani ya ba shi labarin wani sansani a wata jiha inda suke alkawarin juya zuciyar yara irin wannan, ya kai ta sati uku a hutun bazara.

Da aka koma makaranta Anti ta ga sakamakon a madubi, don bas ɗinta Jemimah take hawa. Yarinyar da a da sai an yi mata tsawa take rufe baki, yanzu ta koma kujerar ƙarshe, ta rame, ta daina duban kowa. In an rufe ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Anti ta yi ta kallo har wata biyu, abin yana cin ta, ba ta san ta inda za ta kama ba.

Wata Juma'a Jemimah ta tsaya a bakin ƙofa kafin ta sauka, ta ce da 'yar Hausarta, "Anti, Monday kar ki tsaya a gidanmu. Daddy zai mayar da ni. Six months."

"Me suke yi muku a can?"

"Ba a magana da kowa. Kullum sai ka tsaya a gaban mutane ka ce kai ƙazanta ne." Sannan ta ce, "Anti, in na koma, ba na jin zan dawo."

Anti ta sanar da mai ba ɗalibai shawara a makaranta kamar yadda aikinta ya tanada. Amma ta san Litinin ta fi takarda sauri. Washegari Asabar da hantsi ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci, ta ɗauki babbar jaka ba komai a ciki, ta biya ta ɗauko dattijai mata biyu da suka halarci sunan nan, suka yi sallama a gidan Harrison. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi mutanen gida, ta sha ruwa. Sannan ta ajiye jakar a tsakiyar falo.

"Harrison, na zo ɗaukar 'yata."

Ya yi murmushin yaƙe. "Haba Anti, ai wannan magana ce ta baki."

"Da bakin ka faɗa, da kunne muka ji. Ga su nan, tambaye su. Na tsufa, ƙafata tana ciwo, gidana ba motsin yaro. Riƙo na zo nema, ko a garinku ana hana uwa riƙo?"

"Anti, ba ki san halin da ake ciki ba. An riga an yi mata booking."

"Na sani. Ban zo gardamar Littafi da kai ba, ka fi ni karatu. Ka ba su ita sati uku, ka ga abin da suka dawo maka da shi. Ni ka ba ni ita, ka zo duk Lahadi ka duba."

Harrison ya dubi matarsa. Celina ta tashi ta ɗauki jakar ta shiga ɗakin yarinyar. Sai Harrison ya ce a kawo takardar makaranta ta sauya mai riƙo ya sa hannu. Abin da ya kasa yi don kansa, kunyar Anti ta sa ya yi.

Ke ce, Anti, kika ɗauki maganar da kowa yake faɗa don ladabi kika mayar da ita alkawari. Ba ki tona asirin uba ba, ba ki kuma bar 'ya ta tafi ba. An yi gulmarki a coci, wasu sun daina zama kusa da ke, ke kuwa kika ci gaba da dama kunu kina cewa, "Shanye, ba na son saura." Uwar riƙo, mai ido a madubi.

Bara da aka yi wani zaman jin ra'ayin jama'a kan neman dokar da za ta hana a yi wa yara ƙanana irin wannan juyin dole, Anti ta je da rigar aikinta. Minti uku aka ba ta, ba ta cinye biyu ba. Ta ce ita ɗakin baƙi ɗaya gare ta, yarinya ɗaya ta iya ɗauka, to sauran yaran da ba su da Anti fa, wa zai je ya ɗauko su? Ta zauna. Abin da zai fito daga wannan nema yana hannun masu yin doka.

Mun gode, Anti Assibi. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, ya sa ki huta. Mu kuma da yaran mutane suke wucewa ta gabanmu kullum, a aji ko a shago ko a layin coci, mu riƙa ɗaga kai muna dubawa. In yaro ya yi shirun da ba nasa ba, a tambaye shi.

Ranar walimar ajiye aikinta, Jemimah ce take raba abinci, shekararta goma sha takwas, ta yi kumatu, surutu ya dawo har ya yi yawa. Harrison, wanda bai taɓa fashin Lahadi ba a shekara ukun nan, ya zo gaban Anti ya rusuna.

"Anti, aron 'yarki na zo nema. Ko na kwana biyu ne, ta zo gida."

"Ba ni za ka tambaya ba. Ga ta can."

Ya juya ya dubi 'yarsa. Jemimah ta ajiye cokalin, ta goge hannu a zani.

"Daddy, bari in ɗauko jakata."