Mai Ɗaukar Hoton Kanarin Keji

Matso kusa ka zauna, ka ji labarin wani mutum a kasuwar Dutsin-Ma. Ga shi can durƙushe a rumfar Ilu mai sayar da tsuntsaye. Malam Zaharaddin ke nan, dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, gwiwoyin wandonsa duk sun koɗe. Kyamararsa mai dogon baki ce, ta ɗaukar abin da ke nesa, amma yau kejin kara ya auna da ita. Da gani gwiwoyin nan sun saba rarrafe a bakin madatsar ruwan Zobe wajen laɓaɓar zalɓe. Yanzu kuwa daji ya yi zafi, duk wanda aka gani can da kyamara ɗan leƙen asiri za a ce.

Ya zura reshen marke cikin kejin, yana ta karkata kai don kada kara ko ɗaya ya fito a hoton. So yake a ga kanarin kamar a dawa yake. Kanarin ya ƙi reshen, sai dukan kara yake da ƙirji.

"Malam Zaharaddin," in ji Ilu yana dariya, "hoton jiya ai ya yi, kamar gaske!"

"Dubi idonshi, Ilu. Wanda ya san tsuntsu zai gane."

Ya sauke kyamarar, ya ɗora yatsa a ƙofar kejin. Ilu ya daina dariya. In ya buɗe, kana ganin zai ɗaga kyamarar, ko bin tsuntsun zai yi da ido?