Akwatunan da Malam Muhajir Ya Bari

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki unguwar Nzeng-Ayong ya san Rakia, ko bai ga fuskarta ba ya ji dariyarta. Tela ce, a Libreville aka haife ta, kuma tun tana 'yar shekara sha biyar take kan keke. Irin matan nan ne da in dariya ta kama su sai sun dafa bango. Ta yi ta ranar da aka kai ta ɗakin miji har gwaggonninta suka gaji da mintsininta, ta yi ta ranar da ruwan sama ya shiga shagonta ya tafi da takalmanta. Sau ɗaya tak aka ga bakinta a rufe mako guda cur, lokacin da mahaifinta, Malam Muhajir, ya rasu.

Malam Muhajir mutumin Garwa ne. Tallar agogo ta kawo shi Gabon, amma ba da agogo aka san shi ba, da ajiya aka san shi. Duk baƙon da zai je gida ganin iyali, Kano ne ko Maraɗi ko Marwa, ɗakin Malam yake kai akwatinsa. Malam ba ya rubutu, ba ya tambayar abin da ke ciki. Almakashi kawai zai ɗauko, ya yanki ƙyalle a gefen rigar mai kayan, ya raba biyu, ya ɗaura rabi a hannun akwatin, ya miƙa masa rabi. Ran da ka dawo ka kawo naka a haɗa. Shekara talatin ana haka, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Da aka share makoki, yayanta Mahfuz ya bugo daga Garwa ya ce a gyara takardun ɗakin, tunda su biyu ne magada. Rakia ta samo lauya, wani dogo mai ƙamshin turare da kowa ke kira Metir. Sau ɗaya ya zo, bai tambayi kowa komai ba. Ya leƙa ɗakin, ya ga akwatuna arba'in da uku jere a kan katako saboda danshi, idonsa ya yi haske. Ya rubuta su duka a matsayin dukiyar mamaci, ya garƙame ƙofa, ya manna takarda, ya sa ranar gwanjo nan da mako uku.

Rakia ta hau taksi ta same shi a ofis.

"Metir, kayan nan fa ba na Baba ba ne. Ajiyar mutane ce."

"Ina takarda, Madam?"

"Akwai ƙyalle."

"Akwai me?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce shi a makarantar da ya yi ba a koya masa tsumma ba. Ta fito tana dariya har mai gadi ya bi ta da kallo, amma ta san abin ba na dariya ba ne. In aka sayar da ko akwati ɗaya, mutumin da bai taɓa cin amana da ransa ba, zai ci ta yana kabari. Wannan ne ba za ta iya ɗauka ba.

Ta rufe shago, ta zauna da waya. Saƙon murya ta dinga aikawa, wannan ya tura wa wancan, har ya kai garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba. Kafin kwana goma ƙyallaye suka fara isowa. Wani direban babbar mota daga Kamaru ya kawo shida a cikin gwangwanin madara. Wani ya ɓarke cikin hularsa ya zaro nasa. Wata mata a unguwar Alibandeng ta ce ita da nata take ɗaure bakin kitso shekara biyu, Allah ya sa bai koɗe ba.

Ranar gwanjo, kafin Metir ya iso, layi ya kai bakin titi, kowa riƙe da ɗan tsummansa kamar masu jiran allurar rigakafi. Rakia ta kafa tebur a ƙofar ɗakin. Ita da ta ƙare rayuwarta a cikin yadi, daga nesa take gane shadda da atamfa, ta kira akwati kafin mai shi ya buɗe baki. Da Metir ya iso ya buɗe ɗakin, ya ce shi sai ya gani da idonsa. Aka ba shi kujera, aka dinga haɗa masa rabi da rabi, zare na shiga zare.

Sai ga Baba Salif mahauci daga garin Ntoum. Nasa ƙyallen ya ɓata, don haka ya sanyo rigar da aka yanka ɗin gaba ɗayanta. Shekara bakwai ke nan, kuma Baba Salif bai yi shekarun nan yana azumi ba. Rigar ta tsaya masa a saman cibiya, hannuwansa a sanƙare.

"'Yata, yi sauri ki gwada, numfashina na hannunki!"

Rakia ta durƙusa ta kara ƙyallen a gurbinsa, ya zauna daram. Baba Salif ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, rigar ta tsage tun daga wuya har ƙasa. Mata suka yi guɗa, Rakia ta kife a kan tebur tana bubbuga shi.

Metir dai bai saduda ba. Ya nuna wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, ya ce wannan kam a buɗe, a nan dukiyar take. Mai shi wata tsohuwa ce, Inna Saadatou. Ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta ba gardama, ta buɗe, ta ɗago farin yadi a naɗe.

"Likkafanina ne, ɗan nan, daga Makka na zo da shi. In gwanjon za ka yi, tsaya in gwada maka, ka fi ni tsawo."

Da aka fassara masa, Metir ya ja kujerarsa baya har ta kusa kifewa. Daga nan bai ƙara cewa a buɗe komai ba, hannu kawai yake sawa yana share zufa.

La'asar ta yi, mutane suka watse da kayansu a ka, wasu a bayan taksi. Arba'in da biyu sun tafi. Saura ɗaya a lungu, ƙaramin akwatin katako mai shuɗin ƙyalle da ya koɗe. Aka yi cigiya, ba wanda ya san mai shi.

Metir ya gyara zama, ransa ya dawo. Ya ce to wannan dai doka ta ba shi, dukiyar mamaci ce, ko a sayar ko a raba.

Rakia ta kira Mahfuz a gabansa.

"Yaya, ka riƙe ɗakin, na bar maka. Ni akwatin nan nake so a rabona."

"Ke, me ke ciki?"

"Ban sani ba."

"Rakia, kin haukace ne?"

"Tun yaushe!" in ji ta.

Metir ya tambaye ta sau uku ko ta fahimci abin da take sa wa hannu, sau uku tana cewa ta fahimta. Ta ɗora akwatin a ka ta kai shago.

Shekara huɗu ke nan yana ƙarƙashin teburin yankanta, a kan bulo biyu, ba ta taɓa buɗe shi ba. Duk baƙon da ya shigo da tsohuwar shuɗiyar riga, sai ta saci kallon gefenta kafin ta amsa sallama. Kwanan baya 'yarta Mariam, wadda ke karatun jinya, ta tambaye ta in mai shi ya riga ya mutu fa.

Rakia ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To 'ya'yansa za su zo. In ba su same ni ba, ke za su samu."