Layin da Likita Ya Gani a Dasashina

Assalamu alaikum. Kun saba ganina a shafin nan da gaisuwar Juma'a kawai. Yau doguwa ce. Sama da shekara sittin ina riƙe da wannan labari, ko ɗalibaina ban taɓa ba su shi cikakke ba, don akwai abin kunyata a ciki.

Zamanin Turawa ne, saura kaɗan a ba da mulkin kai. Ina ajin ƙarshe a makarantar koyon sana'a a nan Haɗeja. Da yake rubutuna na da kyau, sai aka cire ni daga aikin katako aka ba ni rubutun alluna: sunayen ofisoshi, lambobin jiragen fito. Ni ke dama farin fenti, ni ke kankare tsoho. Malam Garba, mataimakin Baturen da ke koyar da mu, shi ya nuna mini lasar bakin buroshi don ya yi tsini.

Sai ciwo ya kama ni. Da ciki ya fara. Murɗa kamar ana matse tsumma. Sai in yi kwana biyar ban zaga ba. Bakina kullum ɗanɗanon ƙarfe.

Ranar wata Talata buroshi ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi ɗagowa daga wuyansa, yana reto.

Inna ta ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu aka sa mini. Ta tambaye ni da wa nake cin abinci.

Da Bukar, ɗan ajinmu, nake ci, kwano ɗaya, shekara uku. Iyayensa daga wajen Barno suka zo. Kuma kowa ya san mutum ɗaya za a tura Kaduna ƙaro ilimi, ko ni ko shi.

Ban ce shi ne ba. Amma ban ce ba shi ba ne.

Daga nan komai ya zama shaida a wurina. Na tuna yakan tura mini tsokar kifi gabana. Na tuna ranar da ya ce ya ƙoshi. Da ya zo duba ni da ƙwaryar fura, na juya fuska bango, Inna ta zubar da ita a bayan gida yana gani. Magana ta zaga unguwa, har a masallaci aka riƙa matsawa daga kusa da mahaifinsa.

An yi rubutu, an yi turare, wanzami ya yi ƙaho. Ina ta ƙanjamewa.

Kawuna, ma'aikacin ɗakin shan magani, shi ya tsaya kai da fata sai an kai ni Kano. Baba ya sayar da shinkafar da ya ajiye ta iri. Muka hau babbar mota zuwa Malam Madori, daga nan jirgin ƙasa.

Likitan ma ban yarda da shi ba. Ciki nake kuka da shi, shi kuma ya ɗaga mini leɓe yana leƙen dasashi. Ya kawo madubi ya nuna mini wani siririn layi, shuɗi-shuɗi, a gindin haƙora. Ya sa tafinta ya tambayi aikina, ya sa aka ɗibi jini da fitsari.

Bayan kwana biyu tafintan ya ce, "An ba ka guba, gaskiya ne. Amma da hannunka ka ci. Dalma ce, tana cikin fentin."

Na ce to Bukar fa, me ya sa bai kamu ba? Kawu ya ce, "Bukar katako yake fiƙewa, ɗan nan."

Wata biyu na yi a gado. Allura, maganin wankin ciki mai ɗaci, madara safe da yamma. Aka ɗaure hannun da ɗan katako, kullum ana sa ni matsa ƙwallon roba. Na fi wata shida kafin in iya riƙe alƙalami.

A kwance na tuna wani abu. Baturen da ke koyar da mu bai taɓa dama fentin da kansa ba. In ya taɓa gwangwanin sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Akwai gargaɗi da Turanci a jikin gwangwanin, ba wanda ya karanta mana. Da na koma gida, Malam Garba ya rantse mini bai sani ba, kuma na ga layin a dasashinsa shi ma. Baturen kuwa, har yau zuciyata ba ta wanke shi ba.

Bukar aka tura Kaduna. Da ya dawo hutu na je har zaurensu na nemi gafara, shi da mahaifinsa. Ya ce ya yafe. Muka ci gaba da gaisawa har ya rasu, amma bai sake sa hannu a kwanona ba.

Daga baya na zama malamin sana'a a sakandare. Makon farko ba na barin yaro ya taɓa ko guduma. Sai ya san abin da ke cikin kowane gwangwani tukuna.

Na gode wa Allah da ya mayar mini da hannuna. Allah ya jiƙan Baba da Inna da Kawu.

Malaman sana'a, ku karanta wa yara gargaɗin da ke jikin kaya, da Hausa, ku maimaita. Ku ajiye ruwa da sabulu a ƙofar ɗakin aiki. Kada a ci abinci a ciki. Mai kankare tsohon fenti ya jiƙa shi, ya rufe hanci. In yaro ya fara ciwo, ku gaya wa likita aikin da yake yi.

Iyaye kuma, kafin ku tambayi yaro da wa yake cin abinci, ku tambaye shi me yake taɓawa. Ni tambayar farko na amsa, kuma wanda bai ji ba bai gani ba ya ɗauki nauyinta.

Duk wanda ya karanta, ya yi wa Bukar addu'a.