Kada a Rage Masa Hanya

Sama'ilu Mai Sikeli maƙwabcina ne, danga ɗaya ce ta raba gidansa da nawa. A kan idona aka haife shi, a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, ba ka taka ƙasar da ba ta da mai ita. Da ƙuruciya ba a yi mai saurin ƙafa irinsa ba. In an aike shi Ɗanbatta da hantsi, kafin inuwa ta dawo gindin bango ya dawo, kuma bai manta da ko ɗaya daga cikin saƙon ba.

Mahaifinsa, Malam Ja'afaru, wata safiya ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutane suka ce iska ce ta buge shi. Ya daɗe a kwance a zaure, kuma Sama'ilu ne mai juya shi, mai wanke shi, mai ba shi kunu da ludayi, har Allah Ya karɓi abinsa. Bayan an yi sadakar arba'in muna zaune da shi a ƙofar gida, ya ce mini shi ba mutuwa yake tsoro ba, wannan dole ce. Abin da yake roƙon Allah Ya kare shi da shi kwanciya ce, a ce wani ne zai riƙa juya shi kamar buhu. Wannan magana ita ce ta bi shi duk rayuwarsa.

Da aka buɗe kamfanin matsar man gyaɗa a bakin titi, sai ya sami aikin awo. Daga safe har la'asar yana zaune a kan kujera gefen sikeli, ana ɗora buhu ana saukewa. Mutum ne mai gaskiya a awo, saboda haka direbobi da 'yan kwasar gyaɗa suna son sa, kuma yadda suke nuna son shi ne su aje masa shayi mai kauri, ko tsire, ko lemon kwalba. Ya sayi babur. Ƙafar nan da muka sani ta huta, ciki ya fito, wuya ya yi taiɓa. Kowa ya ce Sama'ilu ya sami wuri, jiki ya yi kyau.

Wata shekara masu kamfanin suka kawo wani tsari na kula da lafiyar ma'aikata. Aka ɗauko wata ma'aikaciyar lafiya daga Kano, Malama Muhsina, tana zuwa duk mako ta zauna da su a gindin darbejiya. Ba ta yi wa kowa faɗa, tambaya take yi: me ka ci jiya, da me ka zo aiki, yaya barcinka. Ranar da ta ɗora Sama'ilu a kan nata sikelin, leburori suka yi ta dariya, wai yau mai awo ya shiga hannu. Shi ma ya yi dariya. Da ta ɗaura masa abin awon jini a dantse ta duba, sai ta kwance ta sake ɗaurawa. Daga nan ta ja shi gefe ta tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa a gidansu. Ya ba ta labarin mahaifinsa. Ta gaya masa cewa a nata ganin ba iska ba ce, hawan jini ne, kuma nasa ya hau ƙwarai, sugansa ma ya fara ɗagawa.

Ya ce, "Malama, in na yi abin da kika ce, ba zan kwanta ba?"

Ta ce, "Baba, kwanciya da tashi na Allah ne. Amma ƙofar da abin yake shigowa ta ita, muna iya tura ta mu sa mata dutse."

Ta haɗa shi da likita aka rubuta masa ƙwaya ta kullum. Ta ce a rage gishiri da dunƙule a miya, ya bar lemon kwalba. Sannan ta ce tunda gidansa ba shi da nisa da kamfani, ya aje babur ya riƙa zuwa a ƙafa. Ƙwaya ba ta ba shi wuya ba. Miya kuwa matarsa Aina'u ta ɗauke masa, ta ƙara daddawa da citta har ya saba, ko da yake a wurin ciyayya taubashinsa Hashimu ba ya tsoma hannu a kwanon sai ya ce a miƙo masa miyar asibiti. Tafiya a ƙafa, wadda kowa zai ɗauka ita ce mai sauƙi, ita ce ta gagara.

A zamaninmu tafiya ba abin magana ba ce. Lokacin da nake makarantar mishan, a ƙafa muke zuwa mu dawo, muna tsinkar kanya a hanya, kuma dattawa da jakunansu a ƙafa suke cin kasuwa. Yanzu ba haka ba ne. Magidanci a ƙafa a kan hanya alama ce ta wata matsala, kuma wanda ke kan babur in ya wuce shi bai tsaya ba, ya yi abin kunya. Rage hanya zumunci ne. Wanda aka tsaya wa ya ƙi hawa kuwa, kamar ya ce akwai gaba ne.

Safiyar farko Sama'ilu bai wuce kukar bakin gari ba sai ga Hashimu ya taka birki. Ya tambaye shi babur ɗin sayar da shi aka yi ko ƙwacewa, ya ce ya hau kafin tumbin nan ya ja shi ƙasa a ce taubashinsa ya gan shi ya wuce. Sama'ilu ya fara bayani, Hashimu ya ce ya ƙarasa a kan babur. Ya hau. Washegari ya ƙi Hashimu, sai wani ya tsaya, ya ƙi shi, sai wani dattijo ya tsaya wanda ba a iya ce masa a'a. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari. Wasu suka ce an kore shi daga aiki yana ɓoyewa. Mata suka tare Aina'u a gidan suna suna tambayarta a hankali ko Malam lafiyar kansa ƙalau. Wani Alhaji mai mota da aka ƙi shiga motarsa har aike ya yi a ji laifin da ya yi.

Ya gwada bin burtali ta cikin gonaki, to nan ma babura suna bi, kuma babban mutum yana ratsa gonakin jama'a da sassafe ba fartanya a kafaɗa, wannan ya fi na titi jawo magana. Ya gwada zagaya harabar kamfani lokacin hutu, direbobi suka ce Sama'ilu ya fara ɗawafi tun bai biya kujera ba. Ya koma wurin Malama Muhsina ya ce abin ba zai yiwu ba, garinsu ba a barin mutum ya yi tafiya. Ta tambaye shi wane ne in ya yi magana a garin kowa yake ji. Ya ce Liman.

Ina cikin masallaci ranar Juma'ar da Liman ya yi maganar. Bayan an idar ya ce jama'a su ɗan dakata. Ya ce, "Ɗan'uwanku Sama'ilu ba fushi yake da kowa ba, kuma ba abin da ya same shi, abin da ya sami mahaifinsa shi yake gudu. Magani yake sha da ƙafa. Wanda ya gan shi a hanya ya gaishe shi ya wuce, kada a rage masa hanya. Wannan shi ne taimakonsa."

Mutanenmu masu jin magana ne. Daga ranar ba wanda ya sake tsaya masa. In babur ya zo wucewa sai mai shi ya ɗaga hannu ya ce a sha magani lafiya, shi ma ya ɗaga nasa. Har abin ya zama gaisuwarsa. Damina ta wuce, kaka ta zo, ciki ya saɓe, ya matse zariyar wandonsa. Numfashin da yake yi in ya tashi daga sujada ya daina. Na gan shi wata yamma yana dawowa ta gefen gonata, yana tafiya irin ta ƙuruciyarsa, ya tsaya ya ce mini rabon da ya ji jikinsa sakayau haka tun kafin ya yi aure.

Sai kamfanin ya koma hannun wasu. Sababbin masu shi suka ce gyaɗa suka zo matsa, suka soke zaman gindin darbejiya. Malama Muhsina ta zo ta yi sallama da ma'aikata, ta kuma ja kunnen Sama'ilu cewa ko ya ji garau kada ya bar ƙwayar nan, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Ya ce to. Amma babu sauran mai ɗaura masa abin awo duk mako, kuma garau ɗin yake ji. Daga baya Aina'u ta gaya mini cewa da ƙwayar ta ƙare ta yi masa tuni, ya ce ai Liman ma ya faɗa, da ƙafa yake shan nasa maganin, kuma ƙafa ba ta ƙarewa.

Abin ya same shi ne da bazara, ranar kasuwar Ɗanbatta, da hantsi, a kan hanyarsa ta zuwa aiki. Ya kai wajen wata ɗorawa sai ya ji hannunsa na dama ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ya lallaɓa ya zauna ya jingina da itacen. Ya buɗe baki zai yi kira, harshe ya ƙi juyawa. Hannun hagu ne kaɗai ya rage masa, shi ya ɗaga.

Ranar kasuwa hanyar nan ba ta rabo da babura. Duk wanda ya zo wucewa ya ga Sama'ilu a inuwa hannu a sama, sai ya ɗaga nasa ya ce a sha magani lafiya, ya wuce. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kusan rabin magidantan garinmu sun wuce shi a ranar, kuma kowa da zuciya ɗaya ya gaishe shi. Hashimu ma ya wuce da akuya ɗaure a bayansa, ya rage gudu kaɗan ya ce, "Yau kuma a zaune ake shan maganin, malalaci?" Ya yi dariya ya ƙara wuta.

Wanda ya tsaya baƙo ne, wani direban motar haya daga Kunci, wanda bai ji sanarwar Liman ba. Shi ya ga bakin ya karkace. Lokacin rana ta riga ta karya. A asibiti likita ya tambayi tun yaushe abin ya fara, da aka kwatanta masa sai ya dubi Aina'u ya ce an makara.

Yanzu Sama'ilu yana kwance a zauren nan, a wurin da mahaifinsa ya kwanta, domin nan ne iska ke shigowa. Aina'u ce mai juya shi. In ta zo za ta kama kafaɗarsa sai ya rufe ido, ba ya buɗewa sai ta gama. A kamfani an sa wani a aikin awo. Hashimu yana zuwa kullum bayan la'asar ya zauna a gefen tabarma, yana ci daga miyar asibitin, kuma tun ranar ban sake jin ya tsokane shi ba. Liman ya zo dubiya ya daɗe yana addu'a kafin ya tafi.

Maganar Sama'ilu ba ta dawo ba sai 'yan kalmomi. Ƙofar zauren tana kallon hanya, kuma duk sanda ya ji ƙarar babur sai hannun hagun nan ya tashi sama. Masu wucewa yanzu suna tsayawa, su sauka su leƙo su tambaye shi me yake so. Ya dube su, ya daɗe yana dubansu, sannan ya mayar da hannun kan tabarma.